Tambayoyin Masu Karatu: Tasharmu Ta Kasa Ciniki a Kasuwar Lantarki ta Gwaji

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A darasinmu na tattalin arzikin makamashi an raba mu rukuni-rukuni a wata kasuwar lantarki ta gwaji a kwamfuta, irin ta Turai, da yuro ake ciniki. Mu masu sayarwa ne, an ba mu tashar gas mai megawat 200. Zagaye uku ke nan muna sa yuro 130 kan kowane megawat-awa don mu mayar da kuɗin gina tashar, amma ba a saya ba ko sau ɗaya. Ina matsalar take?
Ɗalibar injiniya, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kuɗin ginin nan shi ya kayar da ku.

A kasuwar wutar gobe, wato inda ake cinikin wutar da za a kai washegari, na'ura kan tattara farashin duk masu sayarwa na kowace awa ta jera su daga mai araha zuwa mai tsada. Masu hasken rana da iska suna gaba, tunda ba abin da suke ƙonawa. Sai ta riƙa ɗauka daga ƙasa har wutar ta kai yawan da ake buƙata, kuma farashin tashar ƙarshe da aka ɗauka shi ake biyan kowa. Ke nan lambar da kika rubuta ba ita ce za a biya ki ba. Iyakarki ce kawai, wadda idan tayi bai kai ta ba za ki ce albarka. Ki dai leƙa dokokin wasan naku na gwaji tukuna, don akwai kasuwar da ake biyan kowa daidai abin da ya rubuta, can kuwa lissafi daban ne.

To, nawa ne iyakar taki? Kuɗin da za ki kashe don samar da ƙarin megawat-awa ɗaya. A ce injinki yana mayar da rabin zafin gas zuwa wuta: kowane megawat-awa na wuta zai ci biyu na gas. Idan wasan ya sa gas yuro 30 kan kowane megawat-awa, kin kashe 60. Gas yana fitar da kusan tan 0.2 na hayaƙin kabon a kowane megawat-awa da aka ƙona, wato 0.4 a wurinki. Idan kuɗin da ake biya kan fitar da tan ɗaya yuro 70 ne, ga 28. Ƙara 2 na lalacewar inji, ya zama 90. Ita za ki rubuta. Idan kasuwa ta tsaya a 110, kin ci 20 sau 200, yuro 4,000 a awa guda, kuma daga nan kuɗin gini ke fitowa. Da 130 kuwa kina zaune, bashin gini yana nan daram.

A kan allon cinikin, ki zaɓi ranar kai wuta, awa, ɓangaren sayarwa, sannan yawa da farashi. Nan ake yawan tuntuɓe. Megawat ƙarfi ne, megawat-awa kuma yawan wuta ne. Idan zangon cinikin na minti 15 ne maimakon awa guda, tasharki megawat-awa 50 kaɗai za ta iya bayarwa, ba 200 ba. Manhajojin Turai da dama waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, saboda haka ki duba yadda 90.5 ta fito bayan kin shigar. Adanawa kuma daban, aikawa daban: sai kin ga farashinki a jerin waɗanda aka karɓa kafin a rufe ƙofa. A kasuwannin gaske irin su EPEX SPOT da Nord Pool, ƙarfe 12 na rana agogon tsakiyar Turai ake rufewa, wanda ya makara sai gobe.

Abin da ya fi ba ɗalibai wahala shi ne tayar da inji. Tashar gas ba fitila ba ce. Kunna ta na cin kuɗi, kuma akwai ƙarfin da ba ta sauka ƙasa da shi. Idan an sayi awa 7, an bar 8, an sayi 9, kin shiga uku. Ki nemi gurbin sayarwa a dunƙule, ki haɗa awoyi shida ko takwas, ko a ɗauke su duka ko a bar su duka, ki raba kuɗin tayarwa a kansu. Kada kuma ki sayar da abin da ba za ki iya kaiwa ba, domin giɓin a kasuwar cike giɓi za a saya a caje ki, sau da yawa da tsada.

TAMBAYA: Mu tashar hasken rana aka ba mu. Da tsakar rana farashi ya faɗi ƙasa da sifiri. Kuskuren manhaja ne?
Ɗalibi, Maraɗi

AMSA: A'a, Malam, yana faruwa a Jamus ma. Wuta ce ta yi yawa, wasu tashoshin kuma sun gwammace su biya a karɓi wutarsu da su kashe inji su sake tayarwa. Idan ba tallafin da ake ba ku kan kowane megawat-awa, ka sa iyakarka a sifiri, na'ura za ta tsallake ka a waɗannan awoyin.