Tsakanin Albarushi, Nakiya da Bam: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Wani malamin makaranta daga Gusau ya rubuto cewa kullum yana jin masu karanta labarai suna faɗin "abin fashewa", yana kuma son sanin abin da ake nufi, da ko Hausa ba ta da sunan da ya fi wannan.

Amsa: Malam, ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Abin da suke nufi shi ne duk wani sinadari, ko haɗin sinadarai, wanda idan wuta ko zafi ko duka ya same shi yakan rikiɗe cikin ƙiftawar ido ya zama iska mai tsananin zafi, wadda ke neman wurin da ya ninka nata sau ɗaruruwa, kuma da yake ba ta samun wurin cikin lalama sai ta ture duk abin da ya tare ta. Wannan turewar ce muke ji a matsayin ƙara da girgiza.

Ma'anar ba ta da gardama, lafazin ne ban gamsu da shi ba. Tulu yana fashewa, ƙwai yana fashewa, maruru yana fashewa, har mutum yakan fashe da dariya, amma ba wanda ke kiran 'yan sanda a kan ɗayansu. "Fashe" tana nuna abin da ya auka wa abu ne, alhali waɗannan sinadarai aikinsu shi ne su fasa wani abu. Masu fassarar gaggawa ne suka kwaso lafazin daga Turanci, suka bar kalmomi uku da muke da su, kowace da gurbinta.

Ta farko ita ce albarushi, wadda muka aro daga Larabci, "al-barud". A ƙasar Sin aka fara haɗa shi wajen ƙarni na 9, daga gawayi da farar wuta da wani nau'in gishiri. Duk wanda ya tsaya kusa da 'yan bindiga ranar hawan Sallah a Kano ko Katsina ya ga yadda ake ɗura shi a bakin bindiga, a cusa tsumma, a danna da siririn ƙarfe, sannan a harba sama, farin hayaƙi ya turnuƙe, warin farar wuta ya bi rigunan 'yan kallo. Albarushi ci yake yi da wuta, sai dai ci ne mai sauri ƙwarai, shi ya sa idan aka zuba kaɗan a fili sai ya yi fuu ya mutu, ba ya yin ƙara sai an matse shi. Aikinsa turawa ne.

Ta biyu ita ce nakiya, wadda ba ta jiran wuta ta bi ta sannu a hankali, domin girgiza ce ke ratsa ta da gudun da ya ninka na sauti sau da yawa. A cikin sinadarin da ake kira TNT gudun yakan kai kusan mita 6,900 a daƙiƙa ɗaya. Aikinta farfasawa ne, ita ce masu fasa dutse ke turawa cikin ramin da suka huda, su kori jama'a, sannan su tayar.

Ta uku ita ce bam, daga Turanci, kuma shi ba sinadari ba ne, ƙira ce: kwanso da abin da aka ɗura a ciki da abin tayarwa, an haɗa su da niyyar ɓarna. Saboda haka wanda ya ce bam ne ya tashi a tashar jiragen ruwa ta Beirut ranar 4 ga Agusta 2020 bai faɗi daidai ba, domin abin da ya hallaka mutane fiye da 200 a ranar shi ne kimanin tan 2,750 na sinadarin da ake yin takin zamani da shi, wanda aka jibge a sito shekara da shekaru har gobara ta cim masa. Wuri ɗaya nake yi wa "abin fashewa" uzuri, wato lokacin da ɗan jarida bai riga ya tabbatar da wanne ne cikin ukun ba.

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Maraɗi tana tambaya ko akwai dangantaka tsakanin nakiyar da ake ci da nakiyar da ke fasa dutse.

Amsa: Malama, a ganina ta ci ita ce uwa. Nakiyar garin shinkafa da zuma da kayan yaji, wadda iyayenmu mata ke kirɓawa a turmi su dunƙula su jera a kwalla cikin garar amarya, ta daɗe a bakin Bahaushe kafin ɗayar ta zo. Ita ɗayar Alfred Nobel ɗan ƙasar Suwidin ne ya yi mata rajista a 1867, bayan ya gano cewa wani ruwan sinadari mai saurin tashi da Ascanio Sobrero ya haɗa a Italiya a 1847 yakan lafa idan aka jiƙa wata irin ƙasa mai laushi da shi. A 1875 kuma ya fito da wani nau'i mai danƙo. A ganina, leburorin da suka yi aikin hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911, da na haƙar kuza a Jos, sun ga wani abu mai taushi da maiƙo an mulmula shi an naɗe a takarda, sai suka kira shi da sunan abin da ya yi musu kama da shi a gida. Ba mu kaɗai ke yin haka ba, domin gurneti ma asalinsa sunan rumman ne a Faransanci.

Tambaya: Daga ina "harsashi" ya fito?

Amsa: Daga Larabci, "ar-rasas", wato dalma, da yake da ita ake zuba shi.

Tambaya: Wani ɗalibi daga Tamale yana son sanin wanne ne daidai, "bam ya fashe" ko "bam ya tashi".

Amsa: Duka biyun ana faɗi, amma "tashi" ta fi zama a kunne, kamar yadda gobara ke tashi. Bam ana ɗana shi ne kamar tarko, a tayar da shi ko a kwance shi. Jam'insa bama-bamai, kada ka biye wa masu rubuta "bom-bom".

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya ji an ce "Mai bunu a gindi ba ya kai gudummawar gobara", bai kuma san mene ne bunu ba.

Amsa: Bunu tsohuwar ciyawar jinka ce da ta sha rana da hayaƙi har ta yi baƙi, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Ana faɗar maganar ga wanda yake da laifi ko rauni irin na waɗanda ake tuhuma, amma yake neman tsoma baki a rigimarsu. Ban yi mamakin tambayar ba, tunda kwanon rufi ya kori jinka daga birane, sai ɗan'uwa ya leƙa ƙauye da bazara lokacin da ake sauke tsohon rufi zai ga bunu tuli a bayan ɗaki.