Ciyawar golf ɗin maigida tana ta ƙonewa, wane magani zan fesa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni mai kula da shuke-shuke ne a gidan wani Alhaji nan unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi. Tun da ya dawo daga Abuja ya ga hilin golf na can, sai ya ce in yi mishi ɗan wuri a bayan gida inda zai riƙa gangara ƙwallo cikin rami, na shuka kiri-kiri ina aske ta ƙasa-ƙasa. To tun shigowar watan 8 sai tabo-tabo masu kalar kara suka hito, wasu kamar kwandala wasu sun kai faifai. Sau uku ina fesa maganin da muke sa ma wake amma kamar ina ƙara mata. Don Allah wane magani zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganin wake da ka fesa na kashe ƙwari ne, ita kuwa ciyawarka daga bayaninka funfuna ce ta kama ta, wato fangas, ko ka juye mata jarka guda ba abin da zai yi sai asarar kuɗin Alhaji. Amma kafin ka tafi kasuwa ka fara ja ciyawar da hannu, in ta tumɓuke ba saiwa ka ga ƙasa ta yi rami-rami to gara ce ko tsutsa. Sannan gobe da asuba kafin rana ta fito ka duƙa ka duba bakin tabon, in ka ga wani farin zare kamar saƙar gizo a kan raɓa, funfuna ce ba makawa.

Ita ciyawar wajen ramin golf a filayen gaske ana aske ta ne kusan milimita 3, kullum a wahale take shi ya sa ta fi kowace ciyawa kamuwa. Ba banza ba a wasu filayen golf na ƙasashenmu yashi ake dannewa a wajen ramin maimakon ciyawa, amma dai tunda Alhaji kore yake so bari mu je.

Ƙananan tabon nan Turawa dala sufot suke ce musu, don faɗinsu kamar tsohuwar kwandalar dalar Amurka ne, mu nan sai mu ce kamar kwandalar dala ashirin ta sefa ko ya ɗan fi. Yana son raɓa mai daɗewa da ciyawar da ke jin yunwar taki. Manyan masu faɗin faifai kuma galibi aikin wata funfuna ce mai suna Rizoktoniya, ita kuma akasin haka take, ta fi son wurin da aka cika ma urea ga zafi ga laima da dare, irin dararen watan 8 ɗin nan namu. Ka ga kenan ciwo biyu ne a wuri ɗaya kuma abin da ke rage ɗaya yana iya ƙara ɗayan, don haka taki kaɗan-kaɗan za ka riƙa sawa, ba ka zabga shi lokaci guda ba. Akwai ta ukun mai suna Fitiyom wadda na fi tsoro, ganyen yana yin laushi kamar an shafa mai, tana bin hanyar da ruwa ke kwanciya da sawun injin aski, cikin kwana biyu sai ta cinye wuri.

Magungunan iri biyu ne. Akwai masu tsayawa a bayan ganye kamar mancozeb da chlorothalonil, rigakafi suke yi, kwana 7 zuwa 14 sai a sake, ruwan sama da aski suna tafiya da su. Akwai masu shiga jikin ciyawa kamar propiconazole da azoxystrobin, su kan kai sati biyu zuwa huɗu. Azoxystrobin yana yi wa Rizoktoniya kyau amma a kan dala sufot ba ya taɓuka komai, can propiconazole ya fi, sai dai shi kuma in ana tsananin zafi yana iya tsumburar da kiri-kiri, kar ka wuce awon da ke jikin kwalba. Fitiyom kuwa metalaxyl ta fi ji, wanda manoman hatsi suka sani a cikin Apron Star na wanke iri, amma kar ka ce za ka fesa wancan garin a ciyawa, na feshi daban ne.

Abin da na fi so ka riƙe, kar ka liƙe wa magani ɗaya mai shiga jiki don ka ga ya yi aiki. Funfuna tana sabawa da shi, a Amurka an sha ganin filayen da dala sufot ta daina jin propiconazole da danginsa saboda maimaici. In ka fesa mai shiga jiki wannan karon, na gaba ka koma mancozeb. Kuma sunan sinadarin za ka karanta a ƙasan kwalba ba babban sunan kamfani ba, don sau da yawa kwalba biyu kala daban abu ɗaya ne a ciki. Ka nemi mai lambar amincewar kwamitin CSP mai tantance magungunan feshi na ƙasashen Sahel, kayan da ake ɗurawa a gorar ruwa ba takarda ka bar musu abinsu. Chlorothalonil ma Tarayyar Turai ta hana shi tun 2019 saboda gurɓata ruwa, in akwai rijiya kusa da wurin ni dai mancozeb zan ce, shi ma da safar hannu da takunkumi, kuma yara da awaki su nisanci wurin sai ya bushe.

Sai maganar ruwa, na san ku masu lambu kun fi son ban ruwa da yamma in rana ta yi sanyi, to wannan ne ke kwanar da ganye a jiƙe har safe. Ka mayar da shi asuba, ranar da aka yi ruwan sama ka bari gaba ɗaya, kuma kowace safiya ka ja tiyo ko doguwar igiya a kan ciyawar raɓa ta zube. Ka wanke injin aski bayan ka bi ta wurin mai ciwo. Ka kuma lallaɓi Alhaji ya bari a ɗaga askin ya ɗan yi tsawo har ƙarshen watan 9, ƙwallon zai rage gudu kaɗan amma saiwa za ta samu ƙarfi. In bayan sati biyu tabon yana ci gaba da faɗi, ka yanko ɗan yanki da ƙasarsa daga bakin tabon, rabi kore rabi busasshe, ka kai ma ma'aikatan gona ko cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna su duba maka.