Sabon Tom and Jerry da tsohon: amsa ga Hajiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce yaranki sun nace wa Tom and Jerry a talabijin, amma da kika zauna kika kalla tare da su sai kika ga kamar ba shi ne wanda muka taso da shi ba, launin ya yi ƙyalli da yawa, dariyar kuma ta ƙi zuwa. Kina tambaya ko na jabu ne, kuma wanne ya fi dacewa ki sa a tura musu. Sana'ata tura fina-finai a waya da memori, katun kuma yana cikin abin da iyaye suka fi zuwa nema a shagona, don haka dole ta sa na zauna na rarrabe su ɗaya bayan ɗaya.

Ba jabu ba ne. Kamfanin Warner Bros. da ke da haƙƙin mallakar Tom da Jerry a yanzu shi ya sa aka yi shi. Amma idonki bai yi miki ƙarya ba, ba aiki ɗaya ba ne. Mai yiwuwa abin da kika gani shi ne The Tom and Jerry Show, wanda aka fara nunawa a 2014 aka ci gaba har 2021. Wanda ke ranki kuwa shi ne na asali, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka yi a kamfanin MGM a Amurka daga 1940 zuwa 1958. Guda 114 ne, bakwai daga ciki sun ci kyautar Oscar.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, waɗancan na asalin ba don talabijin aka yi su ba, ba kuma don yara kaɗai ba. A silima ake haska su kafin babban fim ya fara, manya ne cike da kujerun, yawancinsu kusan minti bakwai ne. A shekara guda 'yan kaɗan ake fitarwa, ana zana kowane motsi da hannu a takarda. Barbera ne ke tsara labarin da zanensa, Hanna kuma shi ke auna lokaci, wato daƙiƙa nawa Tom zai tsaya yana kallon wutsiyarsa tana cin wuta kafin ya gane, ya kurma ihu. Ihun nan ma da muka sani muryar Hanna ce da kansa. Sannan ga Scott Bradley, wanda yake rubuta wa kowane fim kiɗansa na musamman, gungun makaɗa na gaske su buga. Ki sake kallon guda ɗaya ki kasa kunne: Jerry na sanɗa kiɗa na sanɗa, Tom ya gangaro daga bene kiɗa ya gangaro tare da shi, kamar yadda mai kalangu ke bin ƙafar mai rawa. Akwai wanda Tom yake kaɗa piyano a gaban jama'a Jerry na cikin piyanon, tun daga farko har ƙarshe ba a ce uffan ba, amma na ga dattawa sun tsaya a ƙofar shago sai da ya ƙare. A nan ran abin yake, kuma shi ne abin da ya fi wuyar dawowa.

MGM ta rufe sashen katun ɗinta a 1957, daga nan aka shiga farfaɗo da su, kowane zamani da irin hannunsa. A 1961 zuwa 1962 Gene Deitch ya yi guda 13 a birnin Prague da kuɗi kaɗan, su ne masu sautin nan mai amsa-kuwwa da maigida mai saurin fushi da ke jibgar Tom. Su ba na tura wa ƙananan yara, don muguntar cikinsu ba ta da daɗin kallo. Chuck Jones ya yi guda 34 daga 1963 zuwa 1967, inda Tom ke da girar ido mai kauri, Jerry kuma manyan kunnuwa. A 1975 Hanna da Barbera suka dawo da su talabijin, amma a lokacin an matsa wa tashoshin Amurka lamba kan duka da faɗa a shirin yara, sai aka mai da mage da ɓera abokai, aka ɗaura wa Jerry jan ƙyalle a wuya suna yawo tare. Duk yaron da na tura wa wannan, cikin kwana kaɗan ake dawo mini da memorin a ce a canza. Akwai Tom & Jerry Kids na 1990 inda aka mai da su yara, sai Tom and Jerry Tales na 2006 zuwa 2008, wanda aka fara Barbera yana raye, ya rasu a ƙarshen 2006. A cikin duk na talabijin, a ganina Tales ne ya fi kusa da na asali wajen gudu da tarko da ramuwar gayya.

To mu dawo kan na 2014. Da kwamfuta aka yi shi, da manhajar Flash, inda ake gina jikin Tom gaɓa-gaɓa a ajiye, a riƙa motsa hannu da ƙafa da kai ba sai an sake zana shi duka ba. Hakan na rage kuɗi da lokaci, abin da shirin da ake son ya cika tasha mako-mako ke buƙata. Amma akwai abin da ake asara. A tsohon, in tukunya ta faɗo wa Tom a ka, za ki ga kansa ya lotsa, jikinsa ya karɓi nauyin, ya yi rawa kafin ya dawo daidai. A sabon sau da yawa bugun kan wuce ba ki ji shi a jikinki ba, domin jikin ya yi tauri, ba ya miƙewa ba ya lanƙwasa yadda ya kamata. Sannan an ƙara surutu. Tom da Jerry dai ba sa magana, wannan na yaba musu, amma masu gida da karen nan Spike da sauran waɗanda aka kewaye su da su suna ta zuba Turanci, labarin ya koma kan abin da aka faɗa. Yaron da bai fara jin Turanci ba sai ya rasa rabin abin. Wannan ya fi komai damuna, domin dalilin da ya sa Tom and Jerry ya shiga gidajenmu tun zamanin kaset da faifan CD har zuwa tashoshin dish shi ne ba ya buƙatar tafinta. Kaka da jika suna zama su yi dariya a wuri ɗaya.

Duk da haka ba zan ce a jefar da shi ba. A zangon farko kowane labari minti goma sha ɗaya ne, sai ya yi ta ja. Daga zango na biyu aka rage shi zuwa kusan minti bakwai kamar na da, aka kuma gyara kamannin su, ya fi armashi. Sun kuma yi dabarar sauya musu wurin zama, wani lokaci suna gidan mayu, wani lokaci suna aikin bincike irin na jami'an sirri, wani lokaci a ɗakin gwaje-gwajen wani masanin kimiyya. 'Yata ƙarama ta fi son wannan, launin ne ke jan ta, kuma ba ta firgita da shi.

Na asalin ma ba fes yake ba, kuma ya kamata ki sani kafin ki miƙa wa yara. Akwai bindiga, gatari, nakiya da shan taba. A 2006 tashar Boomerang a Ingila ta yarda ta yanke wasu wuraren shan taba bayan an kai ƙorafi. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne yadda aka nuna baƙar fata. Matar nan mai kauri da ba a nuna fuskarta, mai bin Tom da tsintsiya, an zana ta ne a siffar baƙar mace mai aikatau yadda Turawan Amurka na lokacin ke yi musu ba'a, har da yadda take magana. Akwai kuma wuraren da abu zai fashe, fuskar Tom ta yi baƙi ƙirin da manyan leɓɓa, wannan ma ba'a ce ga baƙar fata. Muna yara mun yi dariya ba mu san mu ake nufi ba. Shi ya sa a wasu sababbin fitowar ake yanke wuraren, a wasu kuma ake sa gargaɗi a farko. Sabon na 2014 ba shi da wannan ko kaɗan, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da nake yi a gidana, kuma nake ba iyaye shawara, shi ne a raba da shekaru. 'Yan ƙasa da shekara biyar ko shida, waɗanda ke kwaikwayon duk abin da suka gani, a ba su na 2014 daga zango na biyu. Na taɓa ganin yaro ya ɗauki muciya ya nufi magen gida bayan ya kalli na da, uwar ce ta riƙe shi. Waɗanda suka fara wayo kuma a ba su Tales da zaɓaɓɓu daga na 1940 zuwa 1958, amma ki fara kallonsu ke kaɗai ki cire waɗanda ranki bai kwanta da su ba, aikin dare ɗaya ne. In matar nan ta fito, kada ki yi shiru, ki gaya musu dalilin da ya sa aka zana ta haka.

In kin je wurin mai turawa, kada ki ce masa kawai ya sa miki Tom and Jerry, don duk abin da ya samu zai haɗa miki, har da guntayen da mutane ke yankawa su ɗora a YouTube su canza musu sauti. Ki ce ya buɗe farkon kowanne ki gani. Na asali yana farawa da zakin MGM, sannan sunayen William Hanna da Joseph Barbera a matsayin daraktoci, yawanci da sunan Fred Quimby a matsayin furodusa. In kika ga sunan Gene Deitch, ki ce ya cire shi. Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.