Gidana ya tsage tun kafin in tare, zan iya kai ɗan kwangila ƙara?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Na ba wani kwangilar gina mini gida mai ɗaki huɗu a Numan, na biya shi kuɗin kaya da na aiki gaba ɗaya. Damina ɗaya ta wuce, daɓen falo ya kumbura ya dare, bango ya tsage daga tagar kicin har ƙasa. Da na yi masa magana sai ya ce laifin ƙasar wurin ne, ba ruwansa.

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Maganar ƙasa da ya yi akwai gaskiya a ciki, amma ba ta wanke shi ba. Baƙar lakar da ke yankin Numan da wasu sassan Gombe da Borno, wadda ake kira firki, kumbura take idan ta sha ruwa, da rani kuma ta tsuke har ta dare. Duk mai gini a yankin ya san haka. Shi ya sa ba a yi mata ɗan siririn harsashin da ake yi a kan jar ƙasa. Ko dai a kwashe lakar a cike da marmara a daddaɓe ta hawa-hawa, ko a zuba faffaɗan harsashi mai rodi da zai ɗauki ginin gaba ɗaya, sannan a shimfiɗa leda kafin a zuba jaman fulo, wato kankaren daɓen ƙasa. Gwajin ƙasa ne ke nuna wanda ya dace.

Wanda ya karɓi kwangila dunƙule, doka na ɗaukar cewa ya yi alkawarin aiki da ƙwarewa, ko da ba a rubuta ba. Idan ya ga ƙasar ba za ta ɗauki abin da aka tsara ba, wajibinsa ne ya faɗa maka. Dokar kare masu saye ta 2018 ma ta ba ka haƙƙin samun aiki mai inganci.

Sai dai akwai tambayar da lauyansa zai fara yi maka: wa ya yanke zurfin harsashin? Idan ɗan kwangilar ya ce a gwada ƙasa kai ka ce kuɗi ba za su kai ba, ko ka rage rodi da kanka, to ƙararka ta yi rauni sosai. Idan kuma injiniya ne ya zana harsashin, ɗan kwangilar ya bi zanen, laifin na iya komawa kan injiniyan, kuma kana iya kai ƙorafinsa COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Ka binciko saƙonnin WhatsApp da rasit da shaidar tura kuɗi ta banki.

Kada ka kira birkila ya shafe tsagar nan da siminti tukuna, shaidarka ce. Ɗauki hotuna da kwanan wata, ka sa injiniya mai rajista ya haƙa gefen harsashin, ya auna zurfinsa, ya gwada ƙasar, ya rubuta rahoto da ƙiyasin kuɗin gyara. Wannan ƙiyasin shi ne yawanci ma'aunin diyyar da kotu ke bayarwa. 

Daga nan lauya ya rubuta wa ɗan kwangilar takardar neman gyara ko biya, da wa'adi. Ni dai na fi son a zauna sulhu a rubuta a sa hannu, domin shari'ar gini tana cin lokaci da kuɗi. In ya ƙi, sai kotu. Kada ka yi sanya, ƙarar karya yarjejeniya tana da wa'adi, shekara 6 a Abuja, wasu jihohin 5, lauyanka zai duba na jiharku.

Batun 'yan sanda kuwa, bar shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma in aka tsare shi yana iya juyowa ya maka ka a kotu kan tauye masa 'yanci.