Falo ya ninka biyu, kuɗin moket ya ninka huɗu, cuta ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni a Jidda nake da zama, bara na sa moket, wato kafet, a ɗakin yara mai mita 3 tsawo 3 faɗi na biya riyal 180, to bana na koma shagon zan sa wa falo irinsa, shi mita 6 ne da 6, na riƙe 360 tunda ninki biyu ne, wai sai mutumin ya ce 720 kuma farashin mita bai canza ba. Wallahi raina ya ɓaci na fito ban saya ba. Dan Allah cuta ce ko kuwa? Daga wata uwa, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, bawan Allahn nan bai cuce ki ba, ina ma so ki cire zarginsa daga zuciyarki.

Ki ɗauka ɗakin yaran tayil aka shimfiɗa masa, kowane ɗaya mita ɗaya ta kowane gefe, kin ga layi 3 ne kowane layi guda 3, tayil 9 ke nan, shi kuwa falo layi 6 ne kowanne guda 6, wato 36, kuma 9 sau huɗu take shiga 36. Ai ba tsawon kaɗai kika ninka ba, har da faɗin, biyu sau biyu huɗu. Riyal 20 kika sayi mita bara, 20 sau 36 ya ba da 720 cif. Da falon mita 9 ne da 9 da ninki tara za ki biya.

Amma lissafinki yana da inda ya yi daidai fa, da za a zagaye gindin bango da katako, ɗakin yara mita 12 zai ci, falo 24, nan kam ninki biyu ne.

Su 9 da 36 ɗin nan su ne yaranki suke kira murabba' kamil a madarasa, lambar da ake samu in an buga lamba da kanta, 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49 har gaba, kowacce tana tayar da murabba'i ba ragowa ba giɓi, tayil 50 kuwa ko yaya kika jera sai guda 1 ya rage a kan 7 sau 7. Abin da ya fi burge ni shi ne tazararsu mara ce kullum, wato lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, 9 a ƙara 7 ya zama 16, a ƙara 9 ya zama 25, a ƙara 11 ga 36 ɗinki. Ki gwada wa yara da ƙwallon dabino a faranti, nan take za su gane.

Kafin a yanka moket ɗin ki sa a ja awo daga lungu zuwa lungun da ke kallonsa, duka biyun, murabba'i na gaskiya dole su zo ɗaya, a falonki kusan mita 8 da rabi kowanne. In sun saɓa to bangon ya karkace, sai a bar ɗan rara wajen yanka.