Kafin kare ya kai baki

Ɗana, na duba hotunan da ka turo mini daga filin horon karnukan gadi, na kuma ji tambayarka. Ka ce cikin ɗari uku da wani abu babu goman kirki: kare ya fito dishi-dishi, ciyawar bayansa kuwa tas, baƙin karen nan fuskarsa ta koma gawayi, babu ido babu haƙori, 'yan waɗanda suka fito kuma an riga an gama cizon. Kana tambaya ko kyamarar ce ta tsufa. Lafiyarta ƙalau, da ita na yi aiki shekaru kafin in miƙa maka.

Bari mu fara sallamar mai sauƙin. Na ga a kan 1/250 ka ɗauka, wato kyamara ta buɗe ido na kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa. Yi lissafi da kanka. Karen da ke gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a daƙiƙa ɗaya, kuma karen Malinois ɗin nan na Beljiyam yana iya wuce haka in ya miƙe. A 1/250, kafin kyamara ta ƙyafta ido ya matsa santimita 4. Ina gashi zai fito? Kai ta 1/2000, motsin ya dawo milimita 5. Muddin kare na gudu kada ka sauka ƙasa da 1/1000. Ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau, ko 1600 ko 3200, kada ka ji tsoronsa. Hoto mai ɗan yashi-yashin da hawan ISO ke kawowa ana wanke shi a kwamfuta, wanda ya goge kuwa ba shi da magani.

Fokas ɗinka ma ka bar shi a kan mai kamawa sau ɗaya ya tsaya, shi ya sa ciyawa ta ci riba. Mayar da shi mai bin motsi, AF-C a Nikon, AI Servo a Canon, ka zaɓi ɗigo ɗaya ko 'yar ƙaramar gungu ka ɗora a fuskar kare. Ka raba fokas da maɓallin ɗauka, ka mayar da shi maɓallin baya inda babban yatsa ke zama. Dogon gilashin kyamara na 70-200 ɗin nan ya ishe ka, amma ka buɗe ramin haskensa a f/4, kada ka wangale shi har f/2.8. Bakin waɗannan karnuka dogo ne, a f/2.8 in ya matso sai hanci ya fito ido ya ɓace, mu kuwa ido muke nema.

Baƙar fuska kuma laifin filin ne. Kyamara na ganin fili fari fat da rana, sai ta rage haske, kare ya biya bashin. Ƙara mata haske kamar mataki ɗaya, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka sa rana ta zauna a bayan kafaɗarka. Da hantsi ake wannan aiki ko da la'asar sakaliya. In lokacin hunturu ne ka samu ƙura, gwada juyawa ka fuskanci rana kaɗan: ƙurar da ƙafafunsa ke tayarwa tana kama haske ta yi ja kamar garwashi. Sai dai kada ka sake ka cire gilashi a tsakiyar fili.

Duk wannan a yini ɗaya za ka iya shi. Abin da ya fi damuna shi ne na uku, wato kana danna maɓalli bayan abu ya wuce. Kana bin kare da ido kana jira ya ba ka mamaki, alhali aikin nan a tsare yake. Asalinsa daga Jamus ne, gwajin da ake kira Schutzhund, wanda aka tsara don tantance karen makiyayan Jamus, irin da Max von Stephanitz ya kafa wa ƙungiya a 1899. Tun 2019 sunansa IGP, kashi uku ne: bin sawu, biyayya, da kariya. Masu horar da karnukan gadi da yawa daga nan suke aro, har umarnin saki za ka ji wasu na faɗinsa da Jamusanci, "aus". Tunda a tsare yake, mai horo ya san inda kare zai tashi da inda zai sauka tun ba a kwance shi ba. Je ka gaishe shi, ka tambaye shi. Ka roƙa a bar ka ka kalli zagaye biyu kyamara na rataye a wuya.

Ka lura da mai karɓar cizo, wanda ke sanye da kaurin hannun nan da aka naɗe da algarara, yawanci a hagu. In an sako kare daga nesa, ba ya tsayawa ƙyam kamar bango, don wuyan kare da haƙoransa za su ji jiki. Yana karɓarsa ne ya juya da shi, kare na lilo a sama ƙafafu huɗu babu ɗaya a ƙasa. Duba ta wane gefe yake juyawa, ka zauna a inda fuskar kare za ta buɗe maka. Kai da ka ɗauki jafi a hawan sallah ka san wannan: ba ka jiran doki ya ja birki sannan ka danna. Haka nan ma. Saura tsalle biyu ya isa, ka riƙe maɓalli kyamara ta yi ta harbi, kada ka saki sai ƙafafunsa sun dawo ƙasa. Hoton da ake nema yana nan a ɗan tsakanin, baki a buɗe, kunnuwa a kwance, ido ƙur a kan hannun.

Kuma ka durƙusa. Duk hotunanka a tsaye ka ɗauke su, kare ya zama ɗan kwikwiyo a ƙasan mutum. Sa gwiwa a ƙasa, gilashi daidai idonsa, sai ƙirjinsa ya cika hoto, bayan ma ya yi nisa ya narke.

Wajen zaɓe akwai abin da mai kallo ba ya gani amma mai kare na gani. Su cikakken kamu suke so, hannun ya shige har ƙuryar baki, kare a natse. In ka kai musu hoton da ya kama da haƙoran gaba kawai, komai kyan haskensa, ka tona asirin karen ne da horonsa. Irin wannan ka nuna wa mai horo shi kaɗai, zai yi masa amfani, amma kada ka sa shi cikin na talla.

Maganar lafiyarka ba na wasa da ita. Babu filasha. Kada ka kira sunan kare, kada ka yi masa fito don ya dube ka, kada ka tashi zumbur yana cikin aiki. Na taɓa durƙusawa kusa da layin gudu don kwaɗayin hoton gaba-da-gaba, kare ya zo wucewa kafaɗarsa ta bugi gwiwata, na yi mako ina ɗingishi, aka kuma tsayar da horon ranar saboda ni. Tun daga nan inda mai horo ya nuna nake zama, in ina son na gaba-da-gaba sai in koma can bayan mai karɓar cizo, gefe kaɗan, dogon gilashi ya jawo mini.

Kafin Asabar ka je filin ƙwallon unguwa, ka bi yaro ɗaya mai gudu da fokas ɗin baya har yatsanka ya saba. Ranar kuma ka same ni a shago bayan sallar asuba, da katin ajiya biyu da batir cike, ka sa wandon da ba ka jin ƙyashin ya sha ƙasa. Tare za mu je, ni zan zauna ta hagu, kai ta dama.