Bakina yana nauyi idan zan yi Turanci a aji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar Islamiyya a Aboabo, Kumasi. Larabci na karanta, bana kuma aka ba ni aji huɗu. Ina jin Turanci, amma da na tsaya gaban yara sai bakina ya yi nauyi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. An ɗora miki babban kaya, domin a tsarin karatun Gana daga aji huɗu na firamare ne Turanci ke zama harshen koyarwa gaba ɗaya. Hausa kuwa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar a makarantu. Yaron zango yana Hausa a gida, Tuwi (harshen Asantawa) a kasuwa, Larabci a makarantar allo, Turancinsa kuwa mafi yawa daga bakinki zai ɗauka.

Ki ajiye littafin nahawu tukuna. Kwana uku a jere, ki rubuta duk abin da ya fito daga bakinki a aji: ku zauna, wa bai zo ba, ku buɗe shafi na goma, sake faɗa, kin yi ƙoƙari. Za ki tarar maganganu kaɗan ne kike ta juyawa kullum. Ki kai wa abokiyar aikin da kika yarda da Turancinta, ta mayar miki da su Turanci, ta kuma karanta ki naɗa a waya. Ki riƙa saurare kina maimaitawa da murya, ko a hanyar makaranta ne. Wadda ta haddace surori ba za a koya mata tilawa ba. Maganganu biyar a mako sun isa, amma wadda kika koya da dare ki faɗe ta a aji da safe.

Wuri biyu ke kayar da mu. Hausa tana nuna lokaci kafin aikatau: ya zo, zai zo, "zo" bai motsa ba. Turanci kuwa aikatau ɗin yake sauyawa, shi ya sa ake jin "yesterday he come" maimakon "came". Sannan Hausarmu ta zango takan ce "ya zo" ko mace ce, Tuwi ma ba ta rarrabewa, sai "he" da "she" su cakuɗe. Wannan ki lura da shi sosai, yara suna saurin kwaikwaya.

In kin yi kuskure a gabansu, ki gyara da babbar murya ki ci gaba da darasi.